Bizar Basudanen Gure

Mijina Basudane ne, amma Hausa yake yi, irin ta tsofaffin da, gauraye da Larabci. Kakansa ya bar ƙasar nan tamu ta Muniyo da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a Sudan, ya yi aure a can, bai ƙara gaba ba, bai kuma dawo ba. Jikan ne ya dawo. Ya zo Gure tare da masu kafa famfunan rijiya a ƙauyukan Kelle da Gamu. Da aikin ya ƙare abokansa suka koma gida, shi ya kafa rumfar gyaran inji a bakin kasuwa. Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ajin ƙanana. Injin niƙan mahaifiyata ne ya lalace, aka kira shi, ya yi ta zuwa gyara har bayan injin ya daina buƙatar gyara.

Baba mai sayar da dabino da kanwa ne, ba mai yawan magana ba. Ya tambaye shi garin kakansa, ya faɗa. Baba ya ce ya san garin, ya sha ruwan rijiyarsa. Aka ɗaura aure.

A gari ba wanda ya ɗauke shi baƙo. Basudane suke kiransa kamar yadda ake ce wa wani Dogo ko Gajere. Takarda ce ba ta san shi ba. Bizar da ake ba shi ta wata uku ce, ta shiga ɗaya. Ma'ana duk ranar da ya sa ƙafa ya ƙetare iyaka, ta mutu, ko da jiya aka buga ta. Shi kuwa aikinsa ba ya tafiya sai da kayan inji, kayan inji kuma a Kano suke. In ya je sai ya zauna can ya nemi sabuwa, ya jira ta fito, kafin ya dawo gidansa. Wani zuwan mako guda, wani zuwan ya fi. Ga shi shekarun tawaye ne, duk mai fasfon gabas ana masa kallon tuhuma. Mahaifiyarsa tana can Sudan ta tsufa, tun aurenmu bai je ya gan ta ba, don tsoron kada ya tafi ƙofa ta rufe a bayansa.

Na haƙura da wannan har cikina na fari ya tsufa. Famfon wani ƙauye a wajen Alakos ya tsaya a tsakiyar rani, makiyaya suka zo suka zauna masa a rumfa. Ya ce zai je Kano ya dawo kafin in sauka. Na haihu bai dawo ba. Bizar ta ƙi fitowa. Da ya ji labarin haihuwar ya taso haka nan ba ita, yana zaton in ya yi bayani a bakin iyaka za a tausaya masa. Aka mayar da shi. Ranar suna Baba ne ya raɗa wa yarinyar suna, yayana ya yanka rago. Mata suna shigowa barka suna tambayar ina uban jaririya, ina ce musu yana hanya.

Ya iso bayan suna da kwanaki, ya rame, buhun ƙarafa a kafaɗarsa. Ya ajiye, ya wanke hannu, ya karɓi ɗiyarsa. An riga an yi mata aski. Ya daɗe yana shafa kanta. Can ya ce, "Ko dai mu tattara mu koma Sudan gaba ɗaya? A can ba mai tambayata takarda."

Na ce, "A can ni za a tambaya, Malam. Ba inda za ni. Nan aka binne cibiyata, nan kake da rumfa, nan ɗiyarka za ta tashi."

"To yaya za mu yi?"

"Bari in gama wanka."

Kafin in gama wankan jego yayana ya zo da tasa dabarar. Shi ɗan kasuwa ne, ya san kowa. Ya ce abin ba wuya, mutum biyu za a samu su shaida cewa an haifi Malam a wani ƙauyen Kelle, a yi masa takardar haihuwa, daga nan sai katin ɗan ƙasa. Wa zai dubi fuskarsa ya ce ba namu ba ne? Mutane da yawa sun yi haka suna zaune lafiya.

Na dubi Malam. Na ga ya fara saurare, don ya gaji.

Na ce, "Yaya, wa za a rubuta a matsayin uwarsa?"

Ya ce, "Kowace tsohuwa da ta rasu."

Na ce, "Uwarsa tana da rai. Ba za a canza masa uwa don ya je Kano sayen ƙarfe ba. Kuma ranar da wani ya yi fushi da mu ya je ya tona, shi za a kora, ni a kore ni daga aiki. Ba ɓarawo na aura ba da zan ɓoye shi."

Yayana ya ce taurin kaina ba yau ya fara ba, ya tashi ya fita.

Wani abokin aikina a lakwal, mushe ne, kamar yadda muke kiran malami namiji da Faransanci, da aka turo daga Doso, shi ya fara gaya mini akwai wata biza mai tsawo, wadda mutum zai shiga ya fita yadda ya ga dama har ta ƙare. Matarsa ƴar Kamaru ce. Na tambaye shi ko ita yake karɓar mata. Ya ce a'a, ita ai tun da ya aure ta hanyar zama ƴar ƙasa ta buɗe mata. Na ce to ni mijina fa? Ya ce mace ba ta ba miji ƙasa, haka dokar take. Muna tsaye ƙarƙashin itacen bedi a filin lakwal, aji ɗaya muke koyarwa ni da shi, albashi ɗaya ake ba mu in an ga damar biya. Na ce to, ƙasar ba zan iya ba shi ba, amma ƙofar shigarta sai na karɓo masa.

Na fara da komisariyar ƴan sandan Gure. Komiser ya san ni, ɗansa yana ajina. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Damagaram. Na goya yarinya na shiga mota. A Damagaram aka juya fasfon gaba da baya, aka ce mai tsawo Yamai kaɗai ke bugawa, kuma sai da mai tsaya wa baƙo, ɗan ƙasa da zai sa hannu cewa ya ɗauki nauyinsa. Na ce ga ni. Mutumin ya yi dariya ya ce in dai tafi da mahaifina ko wana, kada in yi asarar kuɗin mota.

Da na dawo na gaya wa Baba. Yana zaune kan tabarma yana tsince dabino. Ya ce, "Sai mu tafi tare, ɗiyata. Yatsa ne kawai zan dangwala."

Baba bai taɓa wuce Damagaram ta yamma ba, ga ciwon gwiwa. Ban da haka ma, raina bai so ba. Na ce, "Baba, bari in je in gani tukuna."

Ya ce, "In sun ce sai namiji, ki aiko."

Na ce to.

Lokacin malamai muna yajin aiki, an yi watanni ba albashi, lakwal a rufe. Na sayar da ɗan kunnena na zinariya, na haɗa takardun aurenmu da na aikina da na filin da gidanmu yake kai, na karɓi fasfon Malam. Shi ya so ya bi ni, na ce ya zauna. In ya je, da shi za su yi magana, su ce masa baƙo, ya sunkuyar da kai ya ce na gode. Na san halinsa. Ya raka ni bakin kwalta, ya riƙe yarinya har motar ta cika.

Tafiyar Yamai da goyo ba abin da zan so wa kowa ba ne. Kar ɗin da muka shiga, babbar motar fasinja, ya lalace a hanya, muka yini a gefen titi ƙarƙashin ƙaya. Na sauka gidan wata ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare. Washegari na tafi biro, wato ofishin da ake ba baƙi biza.

Ɗaki ne mai benci biyu da taga ɗaya mai ƙarfe. Bayan tagar wani mutum ne mai tabarau. Ya ga mace da lulluɓi da goyo, ya ce da Hausa in jira mijina ya zo. Na amsa masa da Faransanci cewa mijina yana Gure, ni na zo. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo hannu. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta rasa.

Ya ce, "Wa ke tsaya masa?"

Na ce, "Ni."

"Madam, ke matarsa ce."

"Shi ya sa."

"Mai tsaya wa baƙo ko dai wanda ya ɗauke shi aiki ne, ko maigida. Ki kawo mahaifinki."

Na ce, "Mushe, nuna mini inda aka rubuta haka in karanta, sai in tafi in kawo shi."

Ya ce haka ake yi. Na ce na ji haka ake yi, inda aka rubuta nake tambaya. Ya turo mini takarduna ta ƙarƙashin ƙarfen, ya kira na bayana.

Na koma benci na zauna. Aka tashi cin abinci ina nan, aka dawo ina nan. Da yamma masinja ya ce za a rufe, na tafi. Da safe ni na fara isa ƙofa. Na miƙa takardun, ya turo mini, na zauna. Na nemi ganin darakta, aka ce ba ya ganin mutane sai da alƙawari, na ce a ba ni alƙawarin, aka ce yana taro.

Haka na yi ta yi. Ina ganin masu manyan motoci suna shiga ta ƙofar gefe suna fitowa da fasfo a hannu. Wani mai yawo a farfajiyar ya matso ya raɗa mini cewa da ɗan abin goro shi zai sa hannu a matsayin wana, yau ɗin nan a gama. Na ce ina da wa, na baro shi a gida da gangan. Ƙawata ta ce in aika wa Baba kawai, me zan rasa? Na ce in Baba ya sa hannu bana, baɗi fa? In Allah ya ɗauke shi, sai in koma roƙon yayana, ranar da muka saɓa ya ce ba zai sa ba? Aurena ba zai rataya a yatsan kowa ba.

Ba zan ce ban karaya ba ko sau ɗaya. Akwai ranar da yarinya ta yi zazzaɓi, na kai ta asibiti da safe, na zauna da ita a layi ina tunanin ko abin nan ya kai haka. Da jikinta ya yi sanyi da rana na ɗauke ta muka koma benci. Mai tabarau ya ga na makara, ya ce ya zaci na tafi. Na ce yajin aiki muke, ba abin da nake da shi kamar lokaci.

Jariri bai san biro ba. Tana kuka, ina ba ta nono a nan kan benci, tana ɓata zane. Akwai famfo a farfajiya, sai in fita in wanke tsummokaranta in shanya a kan shingen ƙarfe. Ban zaɓi wurin da wata manufa ba da farko, nan rana take bugawa. Daga baya na gane shingen yana daidai tagar darakta, kuma nan direbansa yake ajiye mota. Da na gane ban canza wuri ba. Masinja ya ce in kwashe, na ce su bushe tukuna.

Wata rana da hantsi masinja ya zo ya ce darakta yana kirana. Na gyara goyo na shiga. Dattijo ne mai furfura a gefen kai, ɗakinsa da sanyin na'ura. Bai ce in zauna ba, na zauna, don bayana ya gaji.

Ya ce, "Madam, nan ma'aikatar gwamnati ce, ba bayan gidanki ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na fi so in yi shanya a gidana. Yana Gure."

Ya karɓi takardun ya duba. Ya daɗe a kan fasfon, yana buɗe shafukan da suka cika da ƙananan bizoji. Ya tambayi abin da mijina yake yi, na faɗa. Ya tambayi me yake zuwa yi Kano haka, na faɗa. Ya ce a wannan zamanin ba a buɗe wa ɗan gabas ƙofa ya shiga ya fita ba tare da wani tsayayye ya ɗauki nauyinsa ba.

Na ce, "Ga ni."

Ya ce, "A gidanku wa ne maigida?"

"Shi ne. Amma ƙasar tawa ce."

"In ya yi laifi ya gudu, wa za mu kama?"

"Ni. Kun san inda nake, gwamnati ce ta ajiye ni a can. Mahaifina tsoho ne, ba shi da komai a hannunku. Ni aikina yana hannunku, albashina ma yana hannunku, wata da watanni ban gan shi ba. In kun yarda ku ba ni ƴaƴan mutane in koyar da su, ban ga dalilin da sa hannuna zai kasa ɗaukar mutum ɗaya ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce a gaya masa gaskiya, wa ya turo ni, ƙungiyar malamai ce? Na ce ba wanda ya turo ni, mijina ne bai ga sunan ɗiyarsa ba. Na ƙara da cewa in doka ta hana mace tsaya wa mijinta, ya rubuta mini haka ya sa hannu, in tafi da ita, ba zan sake damunsa ba.

Ya kira mai tabarau, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Mai tabarau ya fita ya dawo da wani littafi mai kauri, suka buɗe, suka rufe. Ba wanda ya karanta mini komai daga ciki.

Darakta ya ce, "Shekara ɗaya."

Na ce, "An ce mini ana ba da ta shekara biyu."

"Ana ba wanda aka ga dama. Shekara ɗaya, shiga da fita. In ta ƙare ki dawo mu ga halinsa. Ko ki karɓa ko ki bari."

Na so in ƙara ja, na dubi fuskarsa na ga nan ya tsaya. Na ce na karɓa. Aka kawo takardar mai tsaya wa baƙo. Wurin da aka tanada an rubuta shi ne da lafazin namiji, mai tabarau ya tsaya yana kallonsa da alƙalami a hannu. Na ce ya bari haka, na rubuta sunana na sa hannu. Ina fita darakta ya ce in kwashe kayana daga shingensa. Na ce sun ma bushe.

Ba a ba ni fasfon ranar ba, sai da na ƙara zama na wasu kwanaki. Ranar da ya fito na buɗe shi a nan gaban taga, na karanta kowace kalma, na tabbata an rubuta shiga da yawa, sannan na ɗaure shi a bakin zane.

A Gure Malam ya karɓi fasfon da hannu biyu, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake. Baba ya zo da yamma, ya ce, "Ban ji aike ba."

Na ce, "Ba su ce sai namiji ba a ƙarshe, Baba."

"A farko fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce ya gyara babbar rigarsa tun ranar da na tafi, yana jira. Na ga abin ya ɗan sosa masa rai, na ba shi haƙuri, amma ban ce na yi kuskure ba, shi ma bai nemi in ce ba. Yayana ya ce duk wannan wahalar a kan shekara ɗaya, da an bi tasa da an huta har abada. Na ce baɗi ma zan koma.

Zuwan Kano na farko tare muka yi, don ina so in gani da idona. A bakin iyaka aka buga masa fita. Muka kwana biyu, ya sayi kayansa, muka juyo. Mai duba takardu ya buɗe fasfon, ya dubi bizar, ya dubi Malam, ya sake duban bizar. Ina tsaye a gefensa da goyo, na shirya magana cike da baki. Mutumin ya buga hatimi ya ce na gaba. Har na ji haushin rashin samun abokin faɗa.

Bayan girbi Malam ya shirya tafiya Sudan ganin mahaifiyarsa. Matan unguwa suka ce na yi wauta, da hannuna na buɗe masa hanya, mutumin da ya koma cikin danginsa ba ya dawowa. Wata ta ce da ita ce da ta bar shi da ta wata ukun, ya zauna wuri ɗaya. Na ce ban aure shi don in tsare shi ba, na karɓo masa ta fita, na karɓo masa ta dawowa, sauran ya rage nasa.

Ya yi wata biyu da wani abu. Ba waya a gidanmu, saƙo ɗaya na samu ta bakin wani direba cewa ya isa lafiya. An koma lakwal, ina zuwa aji ina dawowa, ana tambayata labarinsa da irin muryar da ake yi wa mai takaba. Wata ranar kasuwa da la'asar ina shara a tsakar gida na ji sallamarsa. Ya shigo da akwati a ka, ya yi baƙi, ya yi ƙiba. Mahaifiyarsa ta aiko mini da turaren humra da lafaya, ta aiko wa jikarta da ƴan awarwaro na azurfa da suka yi mata yawa. Ya ce ta sa an kwatanta mata ni, ta tambaya ko gaskiya ne ni kaɗai na je babban birni na yi magana da hukuma. Ya ce mata gaskiya ne. Ta ce to ya riƙe ni da kyau, kuma kada ya yarda ya yi gardama da ni.

Washegari tun da sassafe ya tafi rumfa, don injuna sun taru suna jiransa. Ni kuma na sa fasfon a ƙasan akwatina, na fara ajiye ɗan abin da ya samu don kuɗin motar Yamai na baɗi.